Hular haƙorina ta faɗi sau biyu kafin a manna ta da gaske

Shekara 19 ke nan ina sayar da tayil da kayan banɗaki a Sakkwato. Kafin in buɗe shago kuma sai da na yi shekara 6 a durƙushe, da cokalin gini da gudumar roba, ina sa wa mutane tayil a ɗakunansu. Don haka in ana zancen manna tangaran a jikin wani abu, ban taɓa ɗaukar kaina baƙo ba. Sai ga haƙori guda, turmin ƙasa na hagu, ya mayar da ni ɗan koyo.

Tsakuwa ce a cikin shinkafa ƴar gida, wurin walimar auren ɗan ƙanena a Mabera. Na ji ƙas, na tofo, sai ga ɓarin haƙori a tafin hannuna haɗe da tsakuwar. Da ma haƙorin yana da tsohon rami da aka cike tun da daɗewa. Aka cire jijiyarsa, aka toshe, aka ce dole a sa masa hula, don turmin da aka cire wa jijiya in an bar shi haka nan tsagewa yake yi wata rana. Wanda bai san hular ba ya tuna haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi: ana kankare haƙori ya rage girma, a kifa masa wani abu mai kamarsa. Bambancin kawai wannan ba zinari ba ce ba azurfa ba, farin tangaran ne, ba mai gane shi sai ka faɗa.

Wurin da aka fara yi mini ba zan kama sunansa ba, ba faɗa na zo yi ba. Sun karɓe ni da fara'a, allurarsu ba ta yi zafi ba, hular da aka ƙero ma ba ta da laifi. Irin wadda ake kira zirkoniya ce, mai taurin gaske, naira dubu 95 na biya a lokacin. Ranar da za a manna ta ne abin ya lalace, ni kuwa ban sani ba sai daga baya.

Ga abin da idona ya gani. Likita ya cire hular wucin gadi, ya gwada sabuwar a bakina, ya ce in cije, ya sake ciro ta. Ya miƙa wa yaronsa, yaro ya ɗauraye ta a famfo. Sannan ya ɗebi farin gari da ɗan cokali, ya ɗiga ruwan magani a kan takarda, ya kwaɓa da ido, ba awo. Watan Afrilu ne, tsakar rana, ba wuta, taga a buɗe. Waya ta shigo wa likita, ya amsa a gurguje, yaro na tsaye da hula cike da kwaɓi yana jira. Aka kifa, aka ba ni auduga na cije, minti biyar aka ce in tashi. Ni da na san kwaɓin siminti in ya fara shan iska ya tashi daga aiki, wani abu ya ɗarsu a raina, amma na ce Alhaji, wannan ba fagenka ba ne, ka yi shiru.

Sati 7 ta yi. Tuwon madara ƴata ta ba ni, na tauna sau biyu, sai na ji wani abu mai tauri yana yawo a baki. Na koma. Ba su karɓi ko sisi ba, wannan kam na yaba, amma abin da aka yi da farko shi aka maimaita: ɗauraya a famfo, kwaɓi, kifawa, cije auduga. Likitan ya ce in rage cin abu mai danƙo.

Karo na biyu kwana 19 kawai. Ina alwalar la'asar a masallacin layinmu, na kurkure baki na zubar, sai na ji ƙwal a kan daɓe. Ta gangara ta nufi magudanar ruwa. Wani ɗan yaro da ke wanke allonsa a gefe ya tare ta da ƙafa, ya ɗauko ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Baba, haƙorinka ya hwaɗi." Mutum huɗu ne a layin alwala, kowa ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba. Na naɗe ta a hankici na sa aljihu, na yi salla harshena na ta komawa wurin gurbin.

Da na koma shago na fito da ita a haske na leƙa cikinta, nan sana'ata ta yi mini rana. Cikin hular tas yake, fari ƙal kamar an wanke faranti, ba ko ɗigon siminti. Simintin duk yana jikin haƙori, ina jin gautsinsa da harshe. Duk mai sa tayil ya san wannan karatun. In tayil ya ɓallo daga bango ka ga bayansa fes, kwaɓin kuma yana nan daram a bango da zanen layukan tayil ɗin a jikinsa, to ba bango ne ya ƙi ba, tayil ɗin ne bai kama ba. Kuma na san wane irin tayil ke yin haka. Tayil na gama-gari yana shan ruwa, shi ya sa muke jiƙa shi a baho kafin a sa, simintin Kalambaina da yashi sun ishe shi. Fosilin kuwa, mai tsadar nan, ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, siminti zalla ba ya samun inda zai riƙe shi, sai an sa gam ɗin tayil. Sau nawa na yi wa masu gida wannan bayanin suna ganin so nake in sayar musu da gam.

Yaron shagona ya ce, "Alhaji, a sa mata sufagulu mana, ai ko takalmi yana kamawa." Wallahi sai da na yi tunanin abin. Allah ya sa ban yi ba.

Wata malamar asibiti da ke sayen kaya wurina ita ta tura ni wuri na biyu, wani asibitin haƙori mai zaman kansa a wajen Gawon Nama. Likitar mace ce, ba za ta wuce sa'ar babbar ƴata da yawa ba. Ta karɓi hular ta jujjuya ta, ta leƙa ciki kamar yadda na leƙa, ta ce, "Alhaji, mi kac ci?" Na ce, "Likita, ruwan alwala." Ta yi dariya har sai da ta sauke takunkumin fuskarta.

Kafin ta taɓa komai sai da ta ɗauki hoton haƙorin, ta tabbatar ba ruɓa a ƙarƙashi, aikin jijiyar kuma yana nan lafiya. Sannan ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai zane-zane kamar ƙaramin ma'auni ta auna tsayin abin da ya saura na haƙorin. Ta gefe guda bai cika milimita 3 ba. Ta ce turmi ana so ya kai kamar milimita 4, bangayensa kuma su miƙe kusan tsaye, kada su kwanta da yawa. Nawa gajere ne, kuma an kankare shi ya yi tsini kamar tsibin gero. Ta ce in dubi murfin samira da faifai: murfin samira shiga yake yi ya kama baki, ko ka karkata kwanon yana nan, faifai kuwa ɗora shi kawai ake yi. Hulata faifai ce. Duk nauyin riƙon ya koma kan siminti, simintin da aka sa kuma ba a yi shi don wannan nauyin ba.

Nan na gyara zama, don an zo wurin da nake jin yaren. Da abin da ta gaya mini da wanda na bi na karanta daga baya a takardun cikin kwalayen, ga yadda na fahimci zancen.

Akwai tsohon siminti, zinki fosfet, ana aiki da shi tun ƙarni na 19. Shi ba ya manne wa komai, cike giɓi yake yi tsakanin hula da haƙori ya daskare, sai gautsin ɓangarorin biyu ya riƙe juna. Kwaɓinmu na yashi da siminti ke nan sak. Sai gilas ayonoma, wanda wasu masana biyu a Ingila, Wilson da Kent, suka fito da shi a farkon shekarun 1970. Shi yana ɗan kama jikin haƙori da kansa, yana kuma sakin fuloraid, sinadarin nan na man goge baki, yana da sauƙin aiki da sauƙin kuɗi. Garin nan da ruwan da yaron ya kwaɓa mini, ta ce ga dukkan alama shi ne. Ban ji ta kushe shi ba ko kaɗan. Ta ce ita ma tana manna zirkoniya da shi, ko da ɗan'uwansa da aka gauraya da rezin, wato wani gam mai kama da roba, in haƙori dogo ne mai miƙaƙƙun bangaye, kuma ba ta samun ƙorafi. Aibinsa biyu ne a irin garinmu: zafi yana sa shi saurin daskarewa tun kafin hula ta gama zama, kuma in aka kwaɓa da ido, ruwa ya yi yawa ko gari ya yi yawa, ƙarfinsa ya ragu. Na tuna yaron nan a tsaye yana jiran a gama waya.

Na uku shi ne simintin rezin, wato gam ɗin tayil na haƙori. Shi yana kama haƙori, yana kama hula, ya fi sauran ƙarfin riƙo nesa ba kusa ba, miyau kuma ba ya narkar da shi. Amma yana da sharuɗɗa, kuma a sharuɗɗan nan ne ake gane wanda ya iya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tangaran ɗin ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai gilashi a ciki, kamar wanda ake kira e.max, na kamfanin Ivoclar, wanda haske ke ratsawa, shi ya sa aka fi son sa a haƙoran gaba. Shi ana shafa masa asid ɗin haidurofulorik a ciki na kamar daƙiƙa 20, asid ya ci gilashin ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani, sai a shafa wani ruwa da ake kira silen, sannan rezin ya shiga ramukan ya kama. Zirkoniya ba ta da gilashi, asid ɗin ba ya yi mata komai. Ita sai an fesa mata wani gari mai kaifi na alumina da iska, ƙwayarsa kamar mikron 50, wato kashi ɗaya cikin ashirin na milimita, cikinta ya yi gautsi, sannan a shafa wani sinadari mai suna MDP, wanda kamfanin Kuraray na Japan ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1980. Hannu biyu gare shi, ɗaya ya riƙe zirkoniya ɗaya ya riƙe rezin.

Sai zancen miyau. Ashe da zarar an gwada hular zirkoniya a baki, wani sinadari mai suna fosfet da ke cikin miyau yana kama cikinta, ya tare wuraren da MDP zai riƙa. Ɗauraya a famfo ba ta fitar da shi. Sai an sake fesa garin nan, ko a wanke da wani ruwa na musamman irin su Ivoclean. Tawa kuwa ta sha miyau, ta sha tuwon madara, ta sha daɓen masallaci.

Ta ba ni zaɓi biyu, kuma ba ta tura ni wajen mai tsadar ba. Ko dai a gyara haƙorin, a gina shi ya ƙara tsayi, a ƙero sabuwar hula, ko kuma, tun da bakin tsohuwar ya zauna daidai ba giɓi, a wanke ta a manna da rezin yadda ya kamata. Ta ce na biyun ba ta yi mini alkawarin shekaru ba. Na ce a fara da mai sauƙi. Naira dubu 25 ne, har da hoto.

Aikin ya ɗauki kusan minti 40, abin da can aka yi a minti biyar. Ta kankare tsohon simintin daga haƙori, ta goge shi da wani gari mai kama da toka a kan ɗan buroshi mai juyawa. Hular ta shiga da ita wani ɗan akwati mai gilashi, na ji tsiii na ƴan daƙiƙai, ta fito da ita cikin ya dushe, ya daina sheƙi. Daga nan ba ta sake barin ta taɓa bakina ba sai da siminti. Aka jera mini auduga ta gefen kumatu da ta ƙarƙashin harshe, mataimakiyarta na riƙe da bututun tsotsar miyau, ta ce, "Alhaji, don Allah kada ka rufe baki, ko haɗiya za ka yi ka ɗaga hannu." Simintin daga firji aka ɗauko shi tun ina wurin hoto, don ya huce sanyi, na karanta Panavia a jikin kwalin. Na tambayi dalilin firjin, ta ce da yawa daga cikin irin waɗannan kamfani ya rubuta a ajiye su a sanyi, wasu kuma kada su wuce digiri 25, mu kuwa a bazara inuwa ma tana haura 40. Sola ce ke riƙe musu firjin. Ba a kwaɓa da ido ba, sirinji ne mai baki biyu yana gauraya da kansa. Ta cika, ta kifa, ta danna da yatsa, ta haska shuɗiyar fitila daƙiƙa biyu ko uku a kowane gefe don abin da ya tsattsafo ya yi kamar danƙo, ta ɓare shi, ta zura zare tsakanin haƙora, sannan ta sake haskawa sosai. Ta ce haske ba ya ratsa zirkoniya da kyau, shi ya sa ake zaɓar rezin mai daskarewa ta hanya biyu, da fitila da kuma kansa, don can cikin da hasken bai kai ba.

Da na ba ta labarin sufagulu ba ta yi dariya ba. Ta ce yana ƙona dasashi, hula ba ta zama daidai, kuma in ya bushe a ciki wani lokaci hular ta tashi aiki ke nan.

To, ba wurin da ba shi da nasa. Jira a asibitin nan sai mai haƙuri. An ba ni ƙarfe 10, ban hau kujera ba sai bayan azahar, kujerar aiki guda ce, likita guda. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ba ta ɗaga kai ta dubi mutum, kuma na'urar cirar kuɗinsu ta ƙi aiki, sai da na fita neman mai POS a rana. Babban abin shi ne bayan kwana uku dasashina ya fara jini ta bayan haƙorin, zare kuma in na zura sai ya tsinke. Na koma, ta duba, ashe wani ɗan guntun rezin ne kamar ƙwayar gero ya maƙale a tsakani. Ta amsa kuskurenta ne, ta ciro shi, ba ta karɓi komai ba, jinin ya tsaya cikin kwana biyu. Amma wannan halin rezin ne da ya kamata a gaya wa mutum tun farko: in ya bushe inda ba a so, fitar da shi aiki ne. Haka kuma in wata rana aka bukaci cire hular, ba a ɓallo ta, yanka ta ake yi. Wannan ma sai da na tambaya aka gaya mini.

Bayan wata biyar na kai uwargida wurin, haƙorinta na gaba da ya ɓalle tun tana budurwa ya yi duhu. Ita e.max aka yi mata, kuɗin ya ninka nawa har da ɗoriya. Na zauna a gefe ina kallo kamar mai duba leburori. Na ga asid ɗin, na ga an wanke an busar cikin hular ya yi fari kamar alli, na ga silen. Wani abu da na ƙaru da shi a nan: ni lokacin hular wucin gadi bakina ƙamshin kanumfari yake yi, ita nata bai yi ba. Likita ta ce man kanumfari ne a cikin wancan simintin na wucin gadi, yana kwantar da zogin haƙori kamar yadda iyayenmu suka sani, amma yana iya hana rezin daskarewa da kyau, don haka in ta san da rezin za ta manna, sai ta yi amfani da wanda babu shi. Ta kuma ce irin wannan tangaran mai gilashi, musamman in sirara aka yi shi, mannewar da rezin tana ƙara masa ƙarfi, ba riƙo kaɗai ba. Tayil ɗin da kwaɓi ya cika bayansa ko ka taka ba ya fashewa, mai holoƙo a ƙasa kuwa ƙafar kujera ta ishe shi.

Wani abokina da ke da shagon fenti kusa da ni zai sa hula wata mai zuwa, ya ce in gaya masa wane siminti zai ce a sa masa. Na ce kada ya je yana koya wa likita aiki. Ya tambaya dai: da wane irin tangaran za a yi hular, haƙorin nasa yana da tsayin da zai riƙe ta ko sai an dogara da gam, kuma bayan an gwada a baki da me za a wanke cikinta. In likita ya amsa ukun nan ba tare da ya ɓata rai ba, ya zauna. Ya ce ni yanzu na zama rabin likita. Na ce a'a, dubu 120 na kashe a kan haƙori guda, dole in fito da wani abu.

Wata 16 ke nan yau. Hula ɗaya ce, haƙori ɗaya ne, gajartarsa na nan yadda take, abin da ya canza siminti ne da yadda aka shirya wurin. Ina cin kilishi ta hagu, na ci naman layya har da guringuntsi, ina asuwaki ina zura zare kullum dare kamar yadda ta ce. Tuwon madara ne dai ban koma wa ba, ƴata ta kawo na ce ta kai wa ƙannenta. In na zo kurkure baki wurin alwala har yanzu sai na tara tafin hannu a ƙasan haɓa. Ta ce in dawo duk wata shida ta duba bakin hular, na makara da wata guda, Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan je, da sassafe, ko na samu kujera kafin azahar.